Yadda Ake Duba Birkin Babur Mai Taya Huɗu Da Kula Da Shi

Babur mai taya huɗu, wanda ake kira ATV, ba don kwalta aka ƙera shi ba. Laka, yashi, rafi, duwatsu da gangara su ne hanyarsa, su ne kuma ke cinye masa birki. Birkin mota tafiya ce ke cinye shi, mutum na iya duba kilomitan da ya yi ya san lokacin canji ya kusa. Na wannan babur ba haka yake ba. Yini guda cikin laka mai yashi na iya cin takalmin birki fiye da watanni ana tafiya a busasshiyar ƙasa, don yashin da ya shiga tsakanin takalmi da faifai aikin samfefa yake yi. Wanda aka jingine shekara guda ba a hau ba kuma, birkinsa na iya mutuwa yana tsaye, tsatsa ta riƙe fistin, man birki ya sha danshi. Saboda haka abin da zai gaya maka lokacin dubawa shi ne inda babur ɗin ya shiga da kuma tsawon lokacin da ya zauna, ba mitar tafiya kaɗai ba.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe tun daga nan: matse liba, wato hannun birki, ka ji ta yi tauri bai isa shaida ba. Liba na iya yin tauri alhali takalmin ciki ya cinye har ƙarfe. Sai an cire taya an gani da ido.

Fara da sanin irin birkin da ke jikin naka

Iri uku ne ake samu, kuma sau da yawa babur ɗaya na ɗauke da biyu daga ciki.

Na farko birkin faifai mai aiki da mai, wanda shi ne a gaban kusan kowane sabon babur. In ka matse liba, masta, wato ƙaramin famfon da ke gindin liba, ta tura man birki cikin tiyo zuwa kalifa, wato ƙarfen da ya rungumi faifai, fistin ya fito ya danna takalmin birki, wanda makanikai ke kira fad, a jikin faifai.

Na biyu birkin ganga. Takalma biyu masu lanƙwasa ne a cikin gangar ƙarfe, su buɗe su goga jikinta ta ciki. Yawanci waya ke jansa. Za ka same shi a bayan babura masu aikin gona irin Honda Rancher da Recon, da ƙananan babura na yara, da tsofaffin ƙira waɗanda ma har gaba ganga ce.

Na uku birki ne da aka rufe ruf cikin gidan giyan baya, faifai da yawa jere suna iyo cikin mai. Manyan Kawasaki Brute Force, manyan Suzuki KingQuad da sababbin Yamaha Kodiak suna da irinsa a baya. Laka ba ta kai gare shi, shi ya sa yake daɗewa.

Sai ka san wace liba ke kama wace taya. A yawancin baburan Honda da Yamaha, libar dama ta gaba ce, libar hagu da fedar ƙafa na baya ne. A Polaris Sportsman kuwa liba ɗaya ce a hagu mai kama tayoyi huɗu gaba ɗaya, feda tana taimakawa a baya. Wannan bambanci zai dawo mana in mun zo fitar da iska. Nemi littafin kamfani na samfurin babur ɗinka takamaimai, domin awon kauri da ƙarfin ɗaurin noti sun sha bamban daga wannan zuwa wancan, kuma duk inda alkalumana suka saɓa da nasa, nasa za ka bi.

Kayan aikin ba su da yawa: jak da tokaren ƙarfe, saitin sufana da soket, sufana mai awon ɗauri, ma'aunin kauri, tocila, buroshin ƙarfe, feshin wanke birki, giris ɗin silikon, siririn tiyo mai garai-garai, kwalba, tsummoki masu tsabta, safar hannu da tabaran kare ido. Sai sabuwar gorar man birki wadda ba a taɓa buɗewa ba.

Dubawar minti biyu kafin hawa

Matse kowace liba, taka feda. Birkin mai ya kamata ya yi tauri tun liba ba ta kai rabin hanya ba, ya kuma tsaya a nan. Riƙe ta da ƙarfi kamar daƙiƙa 30. In tana ta sauka a hankali zuwa hannu, mai na tsiyaya a wani wuri ko robar cikin masta ta gaji. In tana laushi kamar soso, sai ka matsa sau biyu ko uku sannan ta yi tauri, iska ce a cikin layi.

Daidaita kan babur har kofin mai ya zauna daidai, ka leƙa ƴar tagarsa. Mai ya wuce layin ƙasa. Sannan ka sunkuya ka duba cikin kowane wili da ƙasan inda babur ya kwana. Jiƙa mai santsi a jikin kalifa ko gindin tiyo ba abin da za a ce bari sai an dawo ba ne. A ƙarshe tura babur da hannu ka kama birki ɗaya bayan ɗaya, ka gwada makullin birkin ajiyewa. Shi ke nan.

Wani abu game da kofin nan: man yana raguwa a hankali ko babu tsiyaya, saboda duk lokacin da takalmi ya ci, fistin na ƙara fitowa, mai ya bi shi ya cike gurbin. Don haka in ka ga ya sauka, kada ka yi saurin ƙarawa. Je ka duba takalmi tukuna. Mutane da yawa na cika kofi su rufe, sun shafe alamar da birki ya ba su da hannunsu.

Ɗaga babur, cire taya

A wuri mai shimfiɗe da tauri, kashe inji, zare makulli, sa giya ko fakin, ka tokare tayoyin da za su zauna a ƙasa. Sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga ta ƙarƙashin firam ka sa tokaren ƙarfe. Babban babur irin wannan na kai kilo 300, har ya wuce. Kada ka sa hannu ko kai ƙarƙashinsa jak kaɗai na riƙe da shi.

Kafin ka cire tayar, yi abu biyu. Juya ta da hannu. Ɗan sautin goga ba komai ba ne, amma in ta ƙi juyawa ko ta tsaya nan take, birki na riƙewa. Sannan kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In tana kaɗawa, boris ya ci ko mahaɗin ƙafa ya saki. Wannan ya shafi birki kai tsaye: faifan da ke rawa yana buga takalmi ya mayar da fistin ciki, sai ka zo kama birki liba ta tafi har hannu ba ta kama komai ba, sai a matsi na biyu. Na ga wanda ya fitar da iska sau uku yana neman maganin wannan, ashe boris ne.

Wanke laka da ruwa da buroshi, ka bi da feshin wanke birki. Kada ka hura ƙurar birki da iskar kwamfuresa, musamman a tsohuwar ganga, domin tsofaffin takalma na iya ƙunsar asbestos, ƙurarsa kuwa illa ce ga huhu. Kuma kada ka fesa mai wanke birki a ƙarfe mai zafi ko kusa da walda. Irin mai sinadarin kulorin in ya haɗu da zafi mai tsanani yana fitar da iskar guba.

Takalmi: duba duka biyun

Haska tocila cikin kalifa. Kowane takalmi yana da ƙarfen baya da naman da ke goga faifai, kuma naman ake aunawa, ban da ƙarfen. Yawancin kamfanoni sun sa iyaka a wajen milimita 1 zuwa 1.5. Wasu takalman na da tsaga a tsakiyar nama. In tsagar ta kusa shafewa, lokaci ya yi. Ni ba na jira ya kai iyaka. In ya sauko milimita 2 kuma na san laka zan shiga, canzawa nake yi, don abin da ya rage ba zai kai yamma ba.

Yadda takalmi ya ci yana ba da labari fiye da kaurinsa. In biyun sun ci daidai wa daida, kalifa lafiya take. In ɗaya ya cinye ɗayan na nan da namansa, kalifa ba ta zamewa. In ya ci a karkace, gefe ɗaya siriri ɗaya da kauri, sandar zamiya ɗaya ce ta maƙale. In fuskarsa ta yi sheƙi kamar gilashi, ya sha zafi ne, ko birki na riƙewa ko mahayi na ɗora ƙafa kan feda yana tafiya. In kuma mai ko giris ya taɓa shi, jefar da shi. Naman takalmi na shan mai kamar soso, wanki ba ya fitar da shi, zai dawo fuska da zarar ya yi zafi.

Sandunan zamiya, inda yawancin matsala take

A nan nake so ka ɓata lokaci. Kalifar yawancin waɗannan babura fistin ɗinta a gefe ɗaya yake. In ya danna takalmin ciki, ita kalifar gaba ɗayanta sai ta zame kan sanduna biyu ta jawo takalmin waje. Kowace sanda tana da ƴar rigar roba mai tare ruwa. Da zarar robar ta tsage, ruwa da yashi su shiga, giris ya bushe ya zama kamar ƙasa, tsatsa ta kama. Daga nan takalmi ɗaya kaɗai ke aiki, kuma liba ba za ta gaya maka komai ba.

Haka ya taɓa faruwa da ni. Ina leƙa takalmin waje ta tsakanin wili ina ganinsa da kauri, hankalina kwance. Ranar da na ji ƙarar ƙarfe a kan gangara na cire taya, na tarar da na ciki babu nama ko kaɗan, ƙarfen bayansa ya yi shuɗi don zafi, ya tona wa faifai ramuka da farce ke maƙalewa a ciki. Sandar ƙasa sai da na sa filaya na murɗa ta da ƙarfi kafin ta fito, ja wur da tsatsa, robarta ta tsage tsagar da ba ta fi tsawon ƙwayar shinkafa ba. Aikin da giris kaɗan zai yi ya koma sayen faifai.

Kwance notocin da suka riƙe kalifa, ka zare ta daga faifai. Rataye ta da waya ko igiya a jikin firam, kada nauyinta ya rataya a kan tiyo. Ja kalifar daga maƙalinta. Ya kamata ta zame da ƙarfin yatsu kawai. Goge kowace sanda tas. Tsatsa kaɗan samfefa mai laushi za ta cire ta, amma wadda ta yi ramuka ko ta lanƙwashe canza ta. Share ramin da take shiga, miƙe robar da yatsa a gaban haske ka nemi tsaga. Sai ka shafa giris ɗin silikon ko wanda aka yi musamman don kalifa, siriri. Kada ka sa giris ɗin boris na yau da kullum. Robar birki ba ta jituwa da duk abin da aka yi da ɗanyen man fetur, kumbura take yi, sai ta riƙe sandar da kake so ta sake. Kuma kada ka cika ramin da giris, iska za ta maƙale a ƙarshensa sanda ta ƙi shiga.

Duba robar ƙura da ke kewaye da fistin. In ta tsage, ko ka ga jiƙar mai a wurin, ko fistin ya yi tsatsa, kalifar na bukatar sabbin robobi. Wannan aiki ne na tsabta sosai. Wanda bai taɓa yi ba gara ya kai wa makanike.

Faifai

Shafa farce a fuskarsa daga ciki zuwa waje. Ƙananan layuka dole ne a babur mai shiga yashi. Ramuka masu zurfi, tsaga musamman tsakanin hudojinsa, ko tudu mai kauri a bakinsa, su ne abin damuwa. Auna kauri a wurare da dama inda takalmi ke gogawa, ba a baki ba. Yawancin faifai an buga musu iyakar kauri a jiki, za ka ga "MIN TH" da lamba. In ya gaza wannan lamba, ya gama aiki. Faifan waɗannan babura siriri ne, ƴan milimita kaɗan, babu abin da za a fere a jikinsa.

In liba na bugun hannunka kana kama birki, faifai ya lanƙwashe, sau da yawa dutse ne ya buge shi. Ana auna wannan da agogon awo, kuma iyakar da littattafai da dama ke bayarwa ba ta wuce milimita 0.3 ba. In ba ka da agogo, tokare sukundireba a jikin ƙafar babur bakinta na dab da faifai, ka juya. In tana taɓawa tana saki, ka ga amsa.

Sa sabon takalmi

Canza na tayoyin biyu tare, hagu da dama, ko da ɗaya ne ya ci. In ba haka ba babur zai riƙa fizga gefe ɗaya.

Wane iri za ka saya? Mai narkakken garin ƙarfe, wanda ake kira sintad, shi ya fi jure laka da ruwa da zafi, amma yana cin faifai fiye da sauran. Mai laushi, wato oganik, ba ya ƙara kuma yana tausaya wa faifai, sai dai laka na cinye shi da wuri. Wanda ke shiga ruwa da laka, sintad ne nasa, ba ni da shakka a kai.

Kafin ka mayar da fistin ciki, wanke ɓangarensa da ya fito, don kada ka tura datti cikin roba. Buɗe murfin kofin mai. In an taɓa ƙara mai zai iya ambaliya, sai ka zuƙe kaɗan da sirinji. Ɗora tsohon takalmi a kan fistin ka danna a hankali da maɗaurin ƙarfe, a miƙe. In ya ƙi komawa, kada ka tilasta shi da guduma. Kalifar baya mai haɗe da birkin ajiyewa, irin ta baburan tsere, sai an sassauta notin daidaita ta tukuna.

Lura da yadda ƴan ƙarafan sifirin suke zaune kafin ka cire, ɗauki hoto ma. Goge ƙusar da ke riƙe takalma. In ta yi gurbi, sabuwa. Mayar da komai, ɗaure notocin kalifa da awon da littafi ya bayar, da maganin riƙe noti in ya ce a sa. Goge faifai da mai wanke birki don cire zanen yatsu.

Yanzu abin da ake mantawa kuma yake jawo hatsari: matse liba sau da yawa har ta yi tauri tun babur bai motsa ba. Matsin farko da na biyu fanko ne, fistin ne ke tafiya ya iske takalmi.

Man birki

Abin da aka rubuta a murfin kofi shi za ka zuba, yawanci DOT 4, wasu tsofaffi DOT 3. Waɗannan lambobi daga ƙa'idar ma'aikatar sufurin Amurka suke, kuma abin da suka fi nunawa shi ne zafin da man ke tafasa. Sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salshiyas ba, DOT 4 kuwa 230. Amma dukansu suna zuƙar danshi daga iska, ta murfi, har ta jikin tiyon roba. In ruwa ya kai wajen kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 3 ya sauko zuwa 140, DOT 4 zuwa 155. Ka yi tunanin doguwar gangara da kaya a baya, kana riƙe da birki. Kalifa ta yi zafi, man ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi ba ya tura komai. Liba ta tafi har hannu. In ya huce birki ya dawo kamar ba abin da ya faru, shi ya sa mutane ke raina abin. Ruwan nan kuma shi ke tsatsar da fistin da masta ta ciki.

Don haka ake canza man duk shekara 2, ko an hau ko ba a hau ba. Mai yawan ratsa ruwa ya yi duk shekara. Sabon mai garai yake, da ɗan ruwan ɗorawa. In ya koma ruwan ƙasa ko baƙi ya daɗe da wuce lokaci. Amma launi ba ya nuna ruwa, mai na iya zama garai kuma ya sha danshi.

DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne. DOT 5 kuwa, wanda babu ".1" a ƙarshen sunansa, na silikon ne, galibi launin shunayya, ba ya haɗuwa da su. Kada sunan ya ruɗe ka. Man inji, man giya ko man sitiyari in ya shiga layin birki ko kaɗan ne, duk robobin sun lalace. Man birki kuma yana cin fenti da robar jikin babur, don haka shimfiɗa tsumma, in ya zube wanke da ruwa nan take.

Canza mai da fitar da iska

Aiki ɗaya ne, mutum biyu sun fi sauƙi. Goge kewayen murfi kafin ka buɗe. Sukurorin murfin baburan Japan suna saurin lalacewa, sa sukundireba da ta zauna daram ka danna sosai kafin ka murɗa. Zuƙe tsohon mai da sirinji amma ka bar kaɗan ya rufe hudar ƙasa, ka cika da sabo.

Fara da kalifar da ta fi nisa da masta, sai dai in littafi ya ba da wani jeri. A babur mai liba ɗaya, libar na ciyar da gaba da baya, feda kuma na da tata mastar da kofinta, kowanne layi sai an bi shi daban.

Cire hular roba daga notin iska, wato ƙaramin notin fitar da iska da ke jikin kalifa, sa sufana mai zobe, sannan ka cusa tiyo, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai a ƙasa. Sai ku bi wannan jeri: abokin aikinka ya matse liba a hankali sau uku ko huɗu ya riƙe. Kai ka buɗe noti kwata. Mai ya fito, liba ta sauka. Ka rufe noti tun bai saki ba. Sai ka ce ya saki. Jerin nan shi ne komai. In ya saki noti na buɗe, iska ta koma ciki. Ku riƙa magana da baki, "riƙe", "saki", kada kowa ya yi zato.

Bayan kowane zagaye uku ko huɗu leƙa kofi. Ƙarami ne ƙwarai, yana ƙarewa kafin ka ankara, in kuwa ya ƙare an koma farko. Ci gaba har abin da ke bi ta tiyo ya zama garai babu kumfa ko ɗaya. Ɗaure notin iska a hankali, rami ne da shi a ciki, yana karyewa. Wanda tsatsa ta riƙe, jiƙa gindinsa da man sassauta tsatsa ka ba shi lokaci, ka kiyaye kada ya taɓa takalmi.

In ka gama liba na nan da laushi, iska ta maƙale a sama, galibi a mahaɗin tiyo da masta ko inda layi ya rabu biyu. Ƙwanƙwasa tiyo da kalifa da bayan sukundireba, juya kan babur yadda masta za ta zama mafi tsayi, ka riƙa taɓa liba kaɗan-kaɗan. Za ka ga ƙananan kumfa na tasowa cikin kofi. Ko ka ɗaure liba a matse da igiya ta kwana, da safe ka sake ta a hankali. In duk bai yi ba, tura sabon mai da sirinji daga notin iska zuwa sama, domin iska dama sama take son tafiya. Cika zuwa layin sama, kada ka wuce, mayar da robar murfi a lanƙwashe yadda take, ka rufe.

Kana wurin, bi kowane tiyo da hannu daga sama har ƙasa. Nemi tsagewa, wurin da ya goga firam, da kumburi yayin da wani ke matse liba. Juya kai hagu da dama ka tabbata ba ya miƙewa ko maƙalewa. Littattafan Yamaha suna cewa a canza tiyo duk shekara 4. In ka kwance notin bakin tiyo, washoshinsa biyu na tagulla ko alminiyam ba a maimaita su.

Ganga da waya

Birkin ganga daidaitawa yake so. Auna wasan liba da na feda, wato tafiyar da suke yi kafin birki ya fara kamawa. A baburan Honda da yawa milimita 15 zuwa 20 ne. Ana daidaitawa da noti mai fukafukai a ƙarshen waya, kusa da ganga, kuma liba da feda kowacce da nata. Murɗa rabi-rabi, ka tabbata gurbin notin ya zauna kan ƙusarsa. Bayan nan ɗaga baya ka juya taya. In tana riƙewa ka matse da yawa.

A hannun da waya ke ja akwai ƴar kibiya, a jikin murfi kuma akwai alama. Kama birki sosai. In kibiya ta kai alamar, takalma sun ƙare, ƙarin ɗauri ba zai yi magani ba.

An ce gangar a rufe take, amma ruwa na samun hanya. Da yawa suna da notin tsiyaya a ƙasa. Bayan ratsa ruwa mai zurfi, kwance shi. In ruwa ya fito, robar da ke tare shi ta mutu ko siririn tiyon numfashi ya cire ko ya tsage, sai an buɗe ganga an wanke an busar. In ka buɗe, duba sifirin, ka zare sandar da ke buɗe takalma ka goge ta ka shafa mata giris kaɗan, domin ita ce ke maƙalewa feda ta ƙi dawowa. Wayar da ta fara tsinkewa ko da zare ɗaya ne, canza ta. Wadda ta yi nauyi kawai, ɗura mata man waya.

Shi kuwa birkin da ke cikin mai, aikinsa biyu ne: daidaita wasan waya da canza man gidan giya a kan lokaci. Sai dai ba kowane man giya ake zuba masa ba, yana da nasa na musamman da littafi ya ambata. In aka sa wani, ko dai ya riƙa kuka da karkarwa, ko ya riƙa santsi. In man ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, a canza shi a nemo ta inda ya bi.

Mayar da taya da gwaji

Sa notoci da hannu tukuna, sauke babur, ka ɗaure a gicciye da sufana mai awo. Auna iskar tayoyi da gejin ƙaramar iska, don waɗannan tayoyi ƴar iska kaɗan suke ɗauka, sau da yawa fam 4 zuwa 7. Bambancin fam ɗaya tsakanin hagu da dama ya isa ya sa babur ya fizga gefe, mutum ya ɗora wa birki laifi.

Sa hular kwano, nemi fili. Fara da gudun tafiyar ƙafa, gwada kowane birki shi kaɗai. In takalma sababbi ne sai an zaunar da su: ɗauki matsakaicin gudu, kama birki da ɗan ƙarfi har ka kusa tsayawa, saki, ci gaba. Yi haka kamar sau 15 zuwa 20, kana barin tazara ya huce, kuma kada ka tsaya cak kana riƙe da liba faifai na da zafi. Za ka ji kamun na ƙaruwa a hannunka.

Daga nan yi ƴar tafiya ba ka taɓa birki sosai ba, ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowane faifai ba tare da ka taɓa ba. In ɗaya na fitar da zafi fiye da ɗan uwansa, yana riƙewa, koma kan sandunan zamiya da fistin. Sake leƙa kofi, sake shafa mahaɗan tiyo da busasshen tsumma ka ga ko zai jiƙe. Bayan hawan farko sake bin notocin taya.

Duk lokacin da ka fito daga ruwa, yi tafiya a hankali kana ɗan taɓa birki har ya bushe ya dawo da kamunsa. In ka dawo daga laka, wanke kalifa da faifai a ranar tun ba ta bushe ta zama dutse ba, amma kada ka saita bakin injin wanki mai ƙarfi kan robobin sanduna da na fistin, tura ruwan ciki yake yi. Bayan wankin ma zaga da babur ɗin kaɗan kana kama birki kafin ka ajiye shi, don kada takalmi ya kwana a jiƙe ya manne da faifai.